Likitanci ko Koyar da Turanci a Ƙetare: Wanne ne Yake Iya Jiran Mutum?

Akwai wani ruɗani da yakan sami matashin da ya yi fice a darussan kimiyya, ya sami gurbi a kwalejin likitanci ko yana gab da samu, sai kuma a daidai wannan lokaci ya ji labarin wani tsaransa da ya yi kwas na 'yan makonni ya tafi Koriya ta Kudu ko Japan yana koyar da Turanci, an ba shi masauki, ana biyansa duk ƙarshen wata, yana kuma buɗe ido. Hanya ta farko tana neman shekara goma ko fiye kafin mutum ya tsaya da ƙafafunsa, ta biyun kuwa cikin wata shida ana iya kammala takardu a hau jirgi. Na sha jin wannan tambaya daga bakin waɗanda abin ya dama, kuma na lura yawancinsu suna ɗora ayyukan biyu a sikeli ɗaya, suna auna albashi da albashi, wahala da wahala, ba tare da sun duba wurin da suka fi bambanta ba, wato yadda kowannensu yake karɓar mutumin da ya juya masa baya sannan ya dawo daga baya. Koyar da Turanci aiki ne da ake shiga ana da shekara 23, ana kuma shiga ana da 40, likitanci kuwa duk shekarar da aka jinkirta sai ta ƙara masa nauyi. A kan wannan bambanci na gina mafi yawan abin da zan faɗa.

Ya kamata a fara da tsawon hanyar likitanci, domin mutane da yawa suna lissafa shekarun jami'a kawai su manta da abin da yake biyo baya. A Birtaniya da ƙasashen da suka gaji tsarinta, ɗalibi yakan shiga kai tsaye bayan sakandare ya yi shekara biyar ko shida, sannan a Birtaniyar ya yi shekara biyu na horon farko a asibiti, daga nan ya ƙara uku idan likitan iyali zai zama, ko biyar zuwa takwas idan wani fanni zai ƙware a kai. A Amurka sai an yi digirin farko na shekara huɗu tukuna, sannan a yi wasu huɗun a makarantar likitanci, sannan horon ƙwarewa wanda yake ɗaukar shekara uku ga likitan iyali, biyar ga likitan tiyata, bakwai ga mai tiyatar ƙwaƙwalwa. Wanda ya fara yana ɗan shekara 18 zai kai kusan talatin, ko ya haura, kafin ya zama likitan da ba ya aiki a ƙarƙashin idon wani. Duk tsawon wannan lokaci jarrabawa ba ta yankewa, kuma ba shi ne yake zaɓar garin da zai zauna ba a mafi yawan lokuta. A Amurka, alal misali, wani tsarin haɗa masu nema da asibitoci ne yake sanar da sabon likita a watan Maris inda zai yi shekarunsa masu zuwa.

Batun kuɗi a nan ya danganta ƙwarai da ƙasar da aka yi karatun. Akwai ƙasashen da gwamnati take ɗaukar mafi yawan nauyin, akwai kuma inda ɗalibi yake fita da bashi mai karya wuya. A Amurka matsakaicin bashin da yake kan wanda ya gama makarantar likitanci da rance ya kai wajen dala 200,000, kuma kuɗin ruwa yana ci gaba da hawa a shekarun horo, lokacin da albashi bai taka kara ya karya ba. Saboda haka idan aka ɗauki mutum biyu masu shekara 27, ɗaya sabon likita ɗaya kuma malamin Turanci da ya yi shekara huɗu a Koriya, ba abin mamaki ba ne a tarar malamin ya fi likitan abin hannu. Sai dai idan aka dawo aka sake duba su suna da shekara 45, lissafin ya juya gaba ɗaya, domin albashin likita yana hawa mataki-mataki har ya kai inda malamin aji da wuya ya hango, shi kuwa albashin malamin da bai ƙara takarda ba yakan tsaya kusan inda ya fara.

Amma albashi ba shi ne yake sa mutane barin likitanci ba, aikin kansa ne. Sai a shekarar 2003 aka ƙayyade wa likitoci masu neman ƙwarewa a Amurka awa 80 a mako, kuma wannan adadi sassauci aka ɗauke shi, wanda hakan kaɗai ya isa ya nuna yadda abin yake kafin nan. A Birtaniya ƙa'idar ita ce matsakaicin awa 48, duk da haka likitocinta masu tasowa sun yi ta yajin aiki a 2023 da 2024 a kan albashi. A Koriya ta Kudu, ƙasar da malaman Turanci suke ribibin zuwa, dubban likitoci masu neman ƙwarewa sun ajiye aiki a watan Fabrairun 2024 bayan gwamnati ta sanar da ƙarin gurabe 2,000 a kwalejojin likitanci. Waɗannan alƙaluma ne kawai, ainihin abin sai a ɗakin majinyata ake ganinsa. A ɗauki sabon likita da ƙarfe uku na dare, shi kaɗai a kan gadaje talatin, wayarsa tana ƙara daga wani ɗakin, ga dattijo a gabansa wanda ƙarfin bugun jininsa yake faɗuwa ba tare da dalili bayyananne ba, ga ɗiyar dattijon a bakin ƙofa tana kallon fuskarsa tana neman amsa. Dole ya yanke shawara ko ya tashi babban likita daga barci ko ya ƙara ruwa ya jira minti goma sha biyar, kuma ko wanne ya zaɓa sunansa ne a kan takardar. Da safe zai miƙa aiki, ya koma gida ya kasa barci yana tunanin ko ya rubuta adadin maganin daidai. Akwai mutanen da wannan nauyi yake rayar da su, suna jin babu inda suka fi amfani a duniya kamar a wannan ɗaki, akwai kuma waɗanda yake cinye su a hankali ko da sun fi kowa ƙwaƙwalwa a aji. Sakamakon jarrabawa ba ya iya gaya wa mutum a cikin kashi biyun nan wanne ne shi.

Abin da likitanci yake bayarwa a madadin wannan wahala shi ne tabbaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hasashen cewa zuwa 2030 duniya za ta yi ƙarancin ma'aikatan lafiya da ya kai miliyan 10 ko fiye, galibi a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma ko da yake wannan adadi ya haɗa da ma'aikatan jinya da ungozoma da sauransu, ma'anarsa ita ce likita mai lasisi da wuya ya rasa inda ake nemansa. Sana'ar kuma tana da rassa da yawa, ta yadda wanda ya gaji da aikin dare zai iya karkata zuwa lafiyar al'umma, ko binciken cututtuka a ɗakin gwaji, ko fassara hoton ciki, ko koyarwa, ba tare da ya zubar da shekarun da ya kashe ba.

Sai dai ga wanda babban burinsa shi ne zama a wata ƙasa, akwai wani abu da ba a cika gaya masa ba: lasisin likita ba ya tsallake iyaka da kansa. Likitan da ya yi karatu a waje kuma yana son aiki a Amurka sai ya ci matakan jarrabawar lasisi ta USMLE, ya sami shaidar ECFMG, hukumar da take tantance likitocin da suka yi karatu a waje, sannan a mafi yawan lokuta ya sake horon ƙwarewa daga farko ko da ya riga ya zama ƙwararre a inda ya fito. Mai son Birtaniya yakan bi ta jarrabawar PLAB mai kashi biyu kafin hukumar likitocin ƙasar, GMC, ta yi masa rajista, kuma sai ya nuna ƙwarewar Turanci, ko dai da maki 7.5 a jarrabawar Turanci ta IELTS ko ta jarrabawar OET da aka tsara domin ma'aikatan lafiya. Mai son Jamus sai ya koyi Jamusanci har ya iya tattauna ciwo da majinyaci, ya rubuta rahoto, ya kuma ci jarrabawar harshen likitanci. Duk wannan mai yiwuwa ne, dubbai suna yi kowace shekara, amma yana cin shekaru da kuɗi. Wato likita yana iya fita waje, sai dai fitarsa takan zo a makare, kuma takan zama ƙaura ta dindindin maimakon yawon buɗe ido.

Koyar da Turanci akasin haka ne, kuma a nan daɗinsa yake. Abin da yawancin ƙasashe suke nema kafin su ba da bizar aiki shi ne digirin farko a kowane fanni, da takardar shaidar rashin laifi, sau da yawa kuma da satifiket na koyarwa na aƙalla awa 120. Mafi daraja a cikin irin waɗannan satifiket su ne CELTA na Cambridge da CertTESOL na Trinity, domin ba karatu a intanet kaɗai ba ne, sai mai koyo ya tsaya a gaban ɗalibai na gaske ya koyar na tsawon awa shida ana kallonsa ana ba shi maki. Wanda ya ba da lokacinsa gaba ɗaya yakan gama CELTA cikin mako huɗu ko biyar. Akwai kuma kwasa-kwasai masu arha birjik a intanet waɗanda suke ba da takarda ba tare da an taɓa shiga aji ba, kuma ko da wasu ma'aikatu suna karɓarsu, makarantun kirki sun san bambanci.

Shirye-shiryen gwamnatoci su ne suka fi aminci ga sabon shiga. Shirin JET na Japan, wanda aka fara a 1987 da mahalarta 848 daga ƙasashe huɗu, yana ɗaukar mutum a matsayin mataimakin malami da kwantiragin shekara guda da ake iya sabuntawa har zuwa shekara biyar, kuma bai wajabta satifiket na koyarwa ba. Shirin EPIK na Koriya ta Kudu, wanda ya fara a 1995, yana ba da masauki, darussan da ake koyarwa ba sa wuce 22 a mako, kuma dokar ƙasar ta tanadi sallama ta kwatankwacin albashin wata guda ga duk wanda ya cika shekara. Faransa tana ɗaukar mataimakan malaman harshe na awa 12 a mako har tsawon wata bakwai, da alawus ɗin da yake isar ci da haya da ƙyar. Idan aka lura, dukkansu an gina su ne a kan zaton cewa mutum zai zo ya yi ɗan lokaci ya koma, kuma iyakar shekara biyar ta JET ta faɗi hakan ƙarara.

Akwai kuma wata katanga da masu tallata wannan aiki ba sa son tsayawa a kanta, ita ce fasfo. Koriya ta Kudu, in ban da 'yar togaciya kaɗan, tana ba da bizar koyar da Turanci ne ga 'yan ƙasashe bakwai kawai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostireliya, Niyu Zilan, Ayalan da Afirka ta Kudu. Mutum yana iya yin duk karatunsa da Turanci tun daga firamare, ya fi ɗan Landan sanin nahawu, amma idan fasfonsa ba ya cikin jerin nan ƙofar a rufe take. Abin takaicin shi ne mafi yawan masu koyar da Turanci a duniya ba harshen uwarsu ba ne, kuma wanda ya sha wahalar koyon harshe da kansa sau da yawa ya fi sanin inda ɗalibi yake tuntuɓe. Ƙasashe irin su Tailan da Biyetnam suna karɓar waɗanda ba 'yan ƙasashen nan ba idan sun kawo sakamakon jarrabawar Turanci, sai dai a kasuwar makarantu masu zaman kansu ana yawan biyansu ƙasa da abokan aikinsu, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasu masu ɗaukar aiki har launin fata suke dubawa a hoton da aka aiko. Duk wanda yake wannan tunani ya kamata ya fara da buɗe dokar bizar ƙasar da yake hange kafin ya biya kuɗin kowane kwas, domin ba a sayen kifi a ruwa. Likitanci a wannan fuska ya fi adalci, tun da jarrabawarsa, duk tsananinta, iri ɗaya ce ga duk baƙon da ya zauna mata.

Shi ma aikin ajin yana da kyau a dube shi daga kusa, domin hotunan da ake yaɗawa na duwatsu da bakin teku na ranakun hutu ne. Ranar aiki ita ce malami ya shiga aji mai yara talatin 'yan shekara 13 bayan cin abincin rana, rabinsu suna gyangyaɗi, ya yi tambaya mai sauƙi aji ya yi tsit domin babu mai son yin kuskure a gaban abokansa, malamar da suke aiki tare tana tsaye a baya tana fassara abin da ya so su gane da kansu. Darasin da ya kwana yana shiryawa zai maimaita shi sau biyar a wannan ranar ga azuzuwa biyar. A ofishin malamai ana ta hira da dariya da harshen da ba ya ji, kuma yakan zama na ƙarshe da yake sanin an ɗage darasi ko an canza jadawali. Sannan wata rana yarinyar da ba ta taɓa buɗe baki ba ta tare shi a baranda ta haɗa jimla guda cikakkiya da kanta, ta ruga da gudu tana dariya, shi kuma ya wuni da farin ciki. Wanda irin wannan ƙaramin abu yake cika masa zuciya malami ne tun asali. Wanda kuwa ƙasar ce kawai ta ja shi, ba ajin ba, zai fara jin gundura da zarar sabon wuri ya zama tsoho, abin da ba ya wuce shekara ɗaya ko biyu.

Rashin tabbas ma yana nan. Bizar malami a ƙasashe da dama a ɗaure take da wanda ya ɗauke shi aiki, masaukinsa ma haka, saboda haka saɓani da mai makaranta yana iya raba mutum da aiki da gida da izinin zama a mako guda. A watan Oktoban 2007 kamfanin Nova, wanda shi ne mafi girman jerin makarantun Turanci masu zaman kansu a Japan a lokacin, ya durƙushe ya bar dubban malamai baƙi ba albashi, wasunsu har da rasa gidajen da kamfanin ya kama musu. A watan Yulin 2021 gwamnatin Sin ta hana kamfanoni cin riba da darussan bayan makaranta a manyan fannoni, ta kuma hana ɗaukar malaman da suke zaune a ƙasashen waje su koyar da yara ta intanet, sai ga kasuwar da take ciyar da dubun dubatar malamai ta ruguje cikin 'yan watanni. Babu wata doka guda da za ta iya yi wa likitoci haka. Wani abin lura kuma shi ne yawan jama'a: a 2023 matsakaicin haihuwa a Koriya ta Kudu ya sauka zuwa 0.72 ga kowace mace, a Japan kuma kusan kashi 29 cikin 100 na jama'a sun kai shekara 65. Ƙasashen da suka fi biyan malaman Turanci a gabashin Asiya azuzuwansu raguwa suke yi, asibitocinsu kuma cika suke yi. Idan aka haɗa da manhajojin fassara da na koyon harshe da suke ƙara ƙwarewa, ina ganin malamin da ba shi da abin sayarwa sai iya magana kawai shi ne zai fara jin jiki.

Duk da haka zai zama rashin adalci a ce koyar da Turanci ba sana'ar rayuwa ba ce. Tana zama, amma ga wanda ya ɗauke ta da gaske ya ci gaba da karatu. Bayan shekara biyu ko uku a aji ana yin babbar diflomar DELTA ko digiri na biyu a fannin koyar da harshe, kuma da waɗannan ne ake samun aiki a jami'o'in Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da sauran ƙasashen yankin, inda ba a cire harajin albashi kuma sau da yawa ana haɗawa da gida da tikitin jirgi. Wanda ya sami cikakken lasisin malanta na wata ƙasa yana iya shiga makarantun ƙasa da ƙasa, waɗanda suka fi kowa biya da tsari. Akwai horar da malamai, da shugabancin sashen karatu, da zama mai jarraba ɗalibai a IELTS, da rubuta littattafan koyarwa, da aiki da cibiyoyi irin British Council. Akwai ma wani lungu da ya dace da wanda ya fito daga kimiyyar lafiya, wato koyar da likitoci da ma'aikatan jinya Turancin asibiti domin jarrabawar OET. Abin da nake so a gane shi ne wannan mataki ma yana cin shekara biyar zuwa takwas na aiki da karatu, don haka mai gudun doguwar hanya bai tsira ba, sauƙin yana bakin ƙofa ne kawai.

Yanzu sai a koma ga batun da na fara da shi. Wanda ya gama likitanci, ya sami lasisi, sannan ya ga ransa ba ya so, yana iya yin CELTA a wata guda ya tafi koyarwa, kuma idan ya sake tunani cikin ɗan lokaci lasisin yana nan, ko da yake hukumomi sukan nemi shaidar sabunta ilimi idan hutun ya yi tsawo. Wanda ya bar gurbin likitanci ya tafi koyarwa na shekara shida, idan ya so dawowa sai ya tarar ilimin sinadarai da na halittu sun dushe a kansa, sakamakon jarrabawar shiga irin MCAT ya daina aiki domin yawancin makarantu ba sa karɓar wanda ya wuce shekara biyu ko uku, malaman da za su rubuta masa takardar shaida sun manta da shi, ga shi wataƙila ya yi aure da 'ya'ya, zama shekara huɗu ko shida ba albashi ya zama abu mai wuya. Ba a ce ba ya yiwuwa ba. Birtaniya tana da tsarin shekara huɗu ga masu digiri, kuma a Amurka ba baƙon abu ba ne a ga ɗalibin likitanci mai shekara talatin da wani abu. Amma gasar tana da zafi, kuma tsadar tana ƙaruwa da shekaru. Saboda haka ra'ayina shi ne, wanda yake da gurbi a hannu kuma shakka ce kawai take damunsa, kada ya yar da gurbin. Ya rubuta wa makarantar ya nemi a ɗage masa shiga da shekara guda, abin da makarantu da yawa suke amincewa da shi idan an kawo dalili mai ma'ana, ya je ya yi kwantiragi ɗaya na koyarwa, matuƙar ya cika sharuɗɗan digiri da fasfo da aka ambata. Taura biyu ba ta taunuwa a lokaci guda, amma ana iya tauna su bi da bi idan an san wadda za a fara da ita.

Wannan shekara guda tana warware wata tambaya da tunani a ɗaki ba ya warwarewa, wato ko mutum gajiya ya yi ko kuwa aikin ne ba ya so. Yawancin masu wannan ruɗani sun shafe shekara goma sha shida ko fiye suna karatu ba hutu, kuma gajiya tana iya sa mutum ya tsani abin da yake ƙauna. Na san wata ɗaliba da ta ɗage karatunta ta tafi koyarwa da niyyar ba za ta dawo ba, sai ta sami kanta duk lokacin da wani yaro ya yi rashin lafiya a makaranta ita ce take bin malamar jinya da tambayoyi, da dare kuma tana karanta abin da ya same shi. Kafin kwantiragin ya ƙare ta san inda zuciyarta take. Na kuma san wanda ya tafi da niyyar dawowa bayan shekara, ya gano cewa tun farko burin mahaifinsa yake ɗauke da shi, yau yana horar da malamai kuma bai taɓa cizon yatsa ba. Dukansu biyu sun yi daidai, kuma abin da ya taimake su shi ne sun tafi ba tare da sun rushe abin da suka baro ba. Ga wanda bai kai ga neman gurbi ba tukuna, akwai gwaji mafi arha: ya nemi izinin bin likita a asibiti na mako biyu har da aikin dare, ya kuma koyar da wani ajin sa kai na wata biyu, ya ga wanne ne yake fitowa daga cikinsa a gajiye amma yana son komawa gobe.

Akwai waɗanda ba zan ba su shawarar jira ba. Wanda ya riga ya shiga asibiti ya ga jini da mutuwa da kukan dangi, ya tabbata ba zai iya rayuwa a ciki ba, bai kamata ya ci bashin shekaru don kunyar mutane ba, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma majinyaci ne yake biyan kuɗin likitan da ba ya son aikinsa. Haka kuma wanda ya kai shekara ta huɗu ko ta biyar a karatun, ni a ganina gara ya daure ya ƙarasa ya karɓi digirin, tun da rabin likitanci ba takarda ba ce, cikakkensa kuwa yana buɗe ayyuka ko da ba a taɓa duba majinyaci ba. Wanda kuma ganin duniya ne kaɗai yake jansa, ya sani cewa ƙungiyoyi irin Médecins Sans Frontières, wadda aka kafa a Faransa a 1971, suna tura likitoci ƙasashe da dama, ko da yake sai wanda ya riga ya sami gogewar aiki, kuma wuraren da ake zuwa na yaƙi ne da annoba.

Batun iyali da tsufa shi ne na ƙarshe da matashi yake tunawa, shi ya sa nake ambatonsa. Malamin da yake yawo daga ƙasa zuwa ƙasa da kwantiragin shekara-shekara ba ya tara fansho a wuri guda sai ya tanadi nasa da kansa, bizarsa ba lallai ta ba matarsa ko mijinta izinin aiki ba, kuma kuɗin makarantar 'ya'ya a ƙasar da ba a jin harshenta yana iya cinye albashin gaba ɗaya idan ba wurin aikin ne ya ɗauka ba. Wasu ƙasashen ma suna da iyakar shekarun da suke ba baƙo bizar aiki, galibi wajen shekara 60. Likita kuwa shekarun ƙuruciyarsa ne suke tafiya a asibiti, yakan rasa bukukuwa da jana'izar dangi saboda jadawalin aiki, amma yana isa shekara hamsin da gida ɗaya da suna a wuri ɗaya.

Wanda ya yanke shawarar gwada shekara guda ɗin, akwai takardu biyu da ya kamata su kasance a hannunsa kafin ya sayi tikiti. Ta farko wasiƙar makarantar likitanci ce da ta rubuta a fili cewa an ajiye masa gurbi zuwa wata ranar da aka ambata, da sharuɗɗan da ke ciki, domin wasu makarantun suna hana neman gurbi a wani wuri a lokacin ɗagewar, kuma tallafin karatu ba kullum yake bin gurbin ba. Ta biyu kwantiragin koyarwar ne, wanda ya kamata ya fayyace adadin darussa a mako da bambancinsu da awannin zama a ofis, da wanda zai biya masauki da inshorar lafiya, da abin da zai faru idan ɗayan ɓangarorin ya katse yarjejeniyar kafin lokaci. Kada ya yarda ya shiga ƙasa da bizar yawon buɗe ido bisa alkawarin za a gyara masa daga baya, domin idan hukuma ta kama, shi za a kora ba mai makarantar ba, kuma tarihin kora daga wata ƙasa abu ne da za a tambaye shi a kai ranar da zai nemi bizar zuwa horon ƙwarewa.